Malam Aminu Kano: Mutumin Da Ya Koya Wa Talaka Haɗa Kai

 

Duk wanda ya sauko daga kan dutsen nan namu ya shiga Wuse 2 neman abinci, da wuya bai bi ta titin Aminu Kano ba. To amma in ka tare yaran yanzu ka tambaye su wane ne mai wannan suna, sai ka ji ana 'yan kame-kame. Shi ya sa na ga ya kamata a wannan fitowa mu waiwayi tarihin wannan bawan Allah, domin akwai abin da ya shafe mu a ciki ƙwarai da gaske.

An haifi Malam Aminu a unguwar Sudawa cikin birnin Kano a watan Agusta na 1920. Mahaifinsa Malam Yusufu malami ne masanin shari'a, mai aiki a kotun alƙali, saboda haka a gida ya fara karatun Alƙur'ani. Daga nan ya yi makarantar Shahuci, ya yi Midil ta Kano, ya wuce Kwalejin Kaduna. A 1942 ya kama aikin koyarwa a Midil ta Bauchi, inda Allah ya haɗa shi da Malam Sa'adu Zungur da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa. A can ne suka riƙa zaman tattaunawa a kan yadda En'e ke tafiyar da jama'a, abin da a wancan zamani ba kowa ke da ƙarfin halin buɗe baki a kansa ba. A 1946 ya tafi ƙarin karatu Landan, da ya dawo ya tsaya wajen kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa, sannan aka tura shi kwalejin horon malamai ta Maru.

Mai karatu, ka tuna halin da talaka yake ciki a lokacin. Ga haraji, ga jangali, ga aikin tilas a gonar hakimi ko dagaci ba ko sisi. In ɗan doka ya kama mutum, ba mai tambayar dalili. Mafi muni kuma shi ne, shi kansa talakan ya ɗauka haka Allah ya tsara, ba yadda za a yi.

Ran 8 ga Agusta 1950 wasu matasa takwas suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda aka fi sani da Jam'iyyar Neman Sawaba. Cikinsu akwai Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Dambatta da Mudi Sipikin. Malam Aminu ya ajiye aikin gwamnati a ƙarshen wannan shekara, ya dawo Kano ya shiga cikinsu, a 1953 kuma ya zama shugabanta. Ka duba fa, mutum mai albashi da daraja a zamanin da 'yan boko ba su da yawa, ya bar duk wannan ya koma zama a tabarma da masu ƙaramin ƙarfi.

To a nan ne darasin yake. Su wane ne 'yan NEPU? Teloli ne, da mahauta, da 'yan koli, da maɗinka hula, da malaman allo, da ƙananan 'yan kasuwa irinmu. Ba su da kuɗi, ba su da sarauta. Abin da suke da shi shi ne tsari. Unguwa-unguwa, gari-gari ake buɗe reshe, a naɗa shugaba da magatakarda da ma'aji, kowa ya yanki kati da kuɗin aljihunsa. Malam yakan zauna da su ya yi musu bayani da Hausar da kowa zai gane, ya jawo aya da hadisi ya nuna musu cewa zalunci ba ya cikin addini, kuma shugaba amana ce aka ɗora masa. Ya koya musu su san abin da doka ta ce, su nemi rasit in sun biya haraji, su ɗaukaka ƙara in an yi musu hukuncin son zuciya. Ya kuma buɗe makarantar Islamiyya a Kano, irin wadda da yawanmu muka amfana da ita daga baya. Mata ma bai bar su a baya ba, ga misalin Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda ta sha ɗauri sau da dama a kan wannan gwagwarmaya.

Kada wani ya zaci abin ya zo da sauƙi. An yi wa 'yan NEPU bulala, an ɗaure su, an kori wasu daga garuruwansu, an sa 'yan daba sun tarwatsa musu taro. Shi kansa Malam ya faɗi zaɓe a 1954 da 1956, sai a 1959 ya samu shiga Majalisar Wakilai ta Tarayya daga Kano ta Gabas. A zamanin Janar Gowon ya riƙe kwamishinan sadarwa na tarayya daga 1967, daga baya na lafiya. A 1978 ya jagoranci kafa PRP mai alamar mabuɗi, wadda ta ci jihohin Kano da Kaduna a 1979. Gwamnoninta, Alhaji Abubakar Rimi da Alhaji Balarabe Musa, da hawansu suka soke haraji da jangali. Ka lissafa daga 1950 zuwa 1979, shekara 29 ke nan ana abu ɗaya. Lalle mahaƙurci mawadaci.

Amma gaskiya ɗaya ce, sai an faɗe ta. Ba a daɗe da samun nasara ba PRP ta rabe gida biyu, 'yan santsi da 'yan taɓo, ƙarfinta ya ragu. Abin da bulala da kurkuku suka kasa yi, rikicin cikin gida ya yi shi. Ana cikin haka Allah ya yi wa Malam rasuwa ran 17 ga Afrilu 1983. Ina yaro a Islamiyya lokacin, ban manta yadda na ga manyan mutane masu gemu suna kuka ba. Bai bar dukiya ba. Gidansa na Mambayya a Gwammaja, inda aka binne shi, ya zama cibiyar nazarin dimokuraɗiyya a ƙarƙashin Jami'ar Bayero.

Yanzu mu dawo gida. Waɗanda suke Mpape a 2012 ba za su manta lokacin da hukumar Babban Birnin Tarayya ta ba da sanarwar rushe garin nan ba. Wasu sun kwashe kaya, wasu sun sayar da gida a wulaƙance. Amma mazauna suka haɗa kai, ba a ce wannan Bahaushe ne, wannan Gbagyi ne, wannan Ibo ne ba, aka kai ƙara kotu, lauya Femi Falana ya tsaya musu. Sai a watan Fabrairu na 2017 Babbar Kotun Abuja ta yanke hukunci cewa shirin rusau ɗin ya saɓa wa doka. Wannan fa ita ce hanyar Malam: tsari, doka, da haƙuri.

To me ya sa da hankali ya kwanta sai kowa ya koma shagonsa? Maganar ruwan sha da magudanai da shara da ƙurar masu fasa dutse, wa zai yi mana ita? Mun ga yadda ƙasa ta girgiza a nan a watan Satumba na 2018, kowa ya fito waje a firgice. Ranar taron ƙungiya kuwa sai ka ƙirga mutane da yatsun hannu, kuɗin wata ma sai an bi mutum har rumfa.

Shawarata ita ce, kowane layi ya fitar da wakilinsa. Mu riƙa zuwa taro, mu biya kuɗin ƙungiya, ma'aji kuma ya karanta lissafi a gaban kowa. Kowa ya adana takardun gidansa da rasit ɗinsa. Mu riƙe mutuncin Gbagyi da muka tarar a nan, da sauran maƙwabta. Saɓanin jam'iyya kuma mu bar shi a bakin ƙofa, kada abin da ya sami santsi da taɓo ya same mu. Tsintsiya sai da ɗaurinta take shara.

Allah ya jiƙan Malam Aminu da rahama, ya kyauta namu zuwan, ya zaunar da Mpape lafiya. Amin. Wassalam.