Frantz Fanon (1925–1961): Likitan Taɓin Hankali

An haifi Frantz Fanon ranar 20 ga watan Yuli, 1925, a birnin Fort-de-France na tsibirin Matinik, wanda ke ƙarƙashin Faransa a tekun Karibiyan. Asalinsa daga bayin da aka kwasa ne daga Afirka. Mahaifinsa ma'aikacin kwastan ne, mahaifiyarsa kuma tana da kanti. A makarantar sakandare ya yi karatu a hannun marubucin nan Aimé Césaire. Yana ɗan shekara 18 ya bar gida don shiga sojan Faransa a Yaƙin Duniya na Biyu, aka ji masa rauni, har aka ba shi lambar yabo. Duk da haka, a cikin rundunar ya ga yadda ake fifita soja a kan soja saboda launin fata.

Bayan yaƙi ya karanta aikin likita a birnin Liyon. A nan ne ya duƙufa kan hanyar da Sigmund Freud ya assasa, ta tono abin da ke binne a zuciyar mutum ba tare da shi kansa ya sani ba. Freud ya fi neman tushen cuta a cikin ƙuruciyar mutum da zamansa da iyayensa. Fanon bai musa wannan ba, sai dai yana ganin bai wadatar ba. A littafinsa na farko, wanda ya fito a 1952 da sunan Peau noire, masques blancs, wato baƙar fata mai farar fuskar aro, ya nuna cewa wanda aka raina tun yana yaro yakan haɗiye rainin, har ya koma yana ƙyamar harshensa da fatarsa. Ke nan al'umma ma tana haifar da cuta.

Ya samu horo a asibitin Saint-Alban a hannun François Tosquelles, wanda ke koyar da cewa asibitin da ke kulle mutane shi ma yana bukatar magani. A watan Nuwamba na 1953 aka tura shi asibitin Bilida-Juwanbil a Aljeriya. A wancan zamani akwai likitocin Faransa, a ƙarƙashin jagorancin Antoine Porot, masu koyar da cewa mutanen Arewacin Afirka da ƙarancin tunani aka halicce su.

An damƙa wa Fanon sashen matan Turawa 165 da sashen maza Musulmi 220. Ya kawo taron tattaunawa, da majigi, da jaridar asibiti, da sana'ar hannu. A wajen mata abin ya yi armashi. A wajen maza kuwa ko gezau: a kira taro su yi shiru, a sa majigi su tashi su fita. Wani likitan da tuni ya ce ga shaidar maganar Porot. Fanon da mataimakinsa Jacques Azoulay suka juya suka tuhumi kansu. Suka gane cewa da tafinta suke magana da mutanen, cewa yawancinsu manoma ne da ba su karanta Faransanci, kuma saƙar kwando da aka ba su aikin mata ce a al'adarsu. Sai aka buɗe musu wurin shan gahawa irin na gida, aka riƙa gayyato mai ba da labaran gargajiya, aka raya bukukuwan Salla, aka ba su fartanya. Nan da nan waɗanda aka ɗauka ba sa magana suka soma hira. Wannan, a ganina, shi ne aikinsa mafi amfani ga malami, ko da yake ba shi aka fi saninsa da shi ba. A 1954 ɗin ne kuma Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara saukar da marasa lafiya a gidajen ƙauyen Aro, kusa da Abekuta, tare da danginsu, maimakon a mayar da su saniyar ware.

Da yaƙin neman 'yancin Aljeriya ya ɓarke ranar 1 ga Nuwamba, 1954, Fanon ya samu kansa yana jinyar waɗanda aka azabtar da masu azabtarwar. A 1956 ya ajiye aiki, domin yana ganin babu ma'ana a warkar da mutum a mayar da shi inda aka zautar da shi. A Janairun 1957 aka kore shi daga ƙasar. Ya koma Tunisiya, inda ya jagoranci sashen da maras lafiya ke wuni a asibiti ya kwana a gida. A 1960 gwamnatin wucin gadi ta Aljeriya ta naɗa shi jakada a Gana.

A babin ƙarshe na littafinsa Les Damnés de la terre ya kawo labaran waɗanda ya yi jinya. Akwai ɗan sandan da ya saba azabtar da fursunoni har ya koma dukan matarsa da 'ya'yansa, akwai kuma yara biyu 'yan Aljeriya, masu shekara 13 da 14, da suka kashe abokin wasansu Bature. Malamin da aka tura ƙasar Birnin Gwari, inda 'yan bindigar daji suka kai hare-hare irin na ƙauyen Gwaska a watan Mayun 2018, zai iya tarar da yaron da ba ya barci, ko wanda bugun ƙofa ke firgita shi. Irin wannan yaro ne ake saurin kira daƙiƙi a tura shi bayan aji. An soki Fanon kan yadda ya halatta ɗaukar makami a farkon littafin, amma masu sukar ba su cika kaiwa wannan babi ba.

Cutar sankarar jini ce ta kama shi. Ya rasu ranar 6 ga Disamba, 1961, a wani asibiti a Betesda ta Amurka, yana da shekara 36. An kai gawarsa Tunisiya, aka tsallaka iyaka da ita aka binne shi a ƙasar Aljeriya, wata bakwai kafin ta samu 'yancin kai.