Furotojenis Mai Shafen Jiragen Ruwa

A cikin Tekun Bahar Rum, kusa da gaɓar ƙasar Turkiyya, akwai wani tsibiri da ake kira Rodas. Yau yana cikin mulkin ƙasar Girka. A zamanin dā birninsa babbar tashar jiragen ruwa ce, fatake na zuwa daga Masar da Sham da sauran ƙasashe. A nan ne wani gwanin zane mai suna Furotojenis ya zauna, fiye da shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa. Yawancin labarinsa wani marubucin Rumawa ne ya adana shi, sunansa Filini, wanda ya rasu a shekara ta 79.

An haifi Furotojenis a Kaunus, wani gari a bakin teku, a ƙasar da take Turkiyya yanzu. Talaka ne ƙwarai. An ce har ya kai shekara 50 sana'arsa ita ce shafa wa jiragen ruwa launi.

Wannan sana'a ba ta wasa ba ce. Jiragen zamanin nan na katako ne, ruwan teku kuwa gishiri gare shi, yana cin katako, yana kuma wanke launi. Saboda haka Girkawa suka sami dabara. Sai su narkar da kakin zuma a bisa wuta, su zuba garin launi a ciki, su dama, sa'an nan su shafa wa jirgi da burushi tun kakin yana da zafi. Dole mai shafen ya yi hanzari, domin kaki da ya huce sai ya daskare. In ya daskare kuwa, ya toshe ƙofofin katako ke nan, ruwa ba ya ratsa shi. Filini ya faɗa cewa irin wannan shafe rana ba ta ɓata shi, haka gishiri, haka iska.

Sannu a hankali Furotojenis ya koma zanen hotuna a kan allo. Shi mutum ne mai haƙurin gaske, ba ya sakin aiki sai ya ga ba sauran abin gyara. Hoton da ya fi suna a cikin aikinsa shi ne na Iyalisus, wani jarumi na tarihin Rodas, tare da karensa. An ce shekara 7 ya yi yana aikinsa. A cikin wannan lokaci abincinsa wani irin wake ne jiƙaƙƙe, don kada daɗin abinci ya kashe masa jiki. Ya shafa launi sau 4, wani bisa wani, domin in na sama ya goge da daɗewa, na ƙasa ya bayyana.

Abu guda ya gagare shi, watau kumfar bakin karen. Ya zana ya goge, ya sake zanawa ya goge, kullum sai ta fito kamar launi, ba kamar kumfa ba. Ran nan haushi ya kama shi, ya ɗauki soson da yake goge launi da shi, ya jefi wurin. Da soson ya faɗi, sai ga kumfa ta fito daidai yadda yake nema.

Duk da gwanintarsa, mutanen Rodas ba su san darajarsa ba. A lokacin nan akwai wani mashahurin mai zane, Afelis, wanda shi ke zana hoton Sarki Iskandar. Afelis ya shiga jirgi ya zo Rodas don ya ga Furotojenis, amma bai same shi a gida ba, sai wata tsohuwa tana tsaron wani babban allo. Maimakon ya faɗi sunansa, sai ya ɗauki burushi ya ja wani siririn layi a kan allon, ya tafi. Da Furotojenis ya komo ya ga layin, nan da nan ya gane baƙonsa, don ba mai iya wannan sai Afelis. Ya ɗauki wani launi dabam, ya ja layin da ya fi siranta a cikin na farko, ya fita. Afelis ya dawo, ya ɗauki launi na uku, ya raba layin Furotojenis biyu, har ba sauran wurin ja. Furotojenis ya yarda an fi shi, ya sheƙa tashar jiragen ruwa neman baƙonsa.

Afelis bai yi masa hassada ba. Da ya ji ɗan kuɗin da ake ba shi, sai ya taya hotunansa talanti 50, talanti ɗaya kuwa azurfa ce mai nauyin kamar kilo 26. Ya kuma baza labari cewa zai sayar da su da sunansa. Sai idon mutanen Rodas ya buɗe, suka riƙa saye da tsada. Aibi ɗaya kaɗai Afelis ya ga gare shi, watau bai san lokacin da ya kamata ya ɗauke hannu daga aiki ba.

A shekara ta 305 kafin haihuwar Annabi Isa, Sarki Dimitiriyos ya zo da mayaƙa da jiragen yaƙi, ya kewaye birnin Rodas. Ɗakin aikin Furotojenis yana cikin wani ɗan lambu a bayan ganuwa, a tsakiyar sansanin abokan gāba. Bai gudu ba, bai kuma daina aiki ba. Sarki ya sa aka kira shi, ya tambaye shi dalilin wannan ƙarfin hali. Furotojenis ya amsa masa cewa ya san da mutanen Rodas sarki yake yaƙi, ba da sana'a ba. Amsar ta gamshi sarki, ya sa dakaru su tsare shi, har shi kansa yakan bar yaƙi ya zo kallon aikinsa. An kuma ce ya ƙi sa wa wani gefen birnin wuta, don hoton Iyalisus yana can. Bayan kamar shekara guda aka yi sulhu, ya janye.

Sunan Furotojenis ya kai har birnin Atina, aka ba shi aikin zane a wuri mai daraja. A gefen hoton da ya yi can, sai ya ƙara waɗansu 'yan ƙananan jiragen ruwa. An ce ya yi haka ne don kowa ya san inda ya faro, domin bai ji kunyar sana'arsa ta fari ba.

Daga baya aka kwashe hoton Iyalisus da allon layukan nan uku zuwa birnin Rum, can gobara ta cinye su. Yau ba ko ɗaya daga cikin hotunansa da ya rage. Amma fiye da shekara 2,300 ke nan ana ba da labarin haƙurinsa da naciyarsa ga aiki. Gaskiyar masu iya magana, mai haƙuri shi kan dafa dutse ya sha romonsa.