Alhassan Ɗantata: Attajirin da ya hana dukiyar gida watsewa

An haifi Alhassan Ɗantata a Bebeji a shekarar 1877, a gidan Agalawa, fataken da suka yi suna wajen safarar goro daga Gwanja zuwa ƙasar Hausa. Mahaifinsa Abdullahi ya rasu tun yana ƙarami. Aka raba gado tsakanin yaran da ba su isa juya kuɗi ba, mahaifiyarsa Amarya ta koma Ankara ta ci gaba da kasuwancinta, shi kuwa ya tashi a hannun wata tsohuwa mai suna Tata, wadda daga gare ta ya samo laƙabinsa. Da Yaƙin Basasar Kano ya ɓarke a 1893, yana cikin waɗanda aka kama, sai daga baya ya kuɓuta. Gidan da ya gaji fatauci ya kusa zama labari.

Abin da ya farfaɗo da shi shi ne sauya hanya. Maimakon ayarin jakuna mai shafe watanni a daji, ya riƙa ɗora goro a jirgin ruwa daga Ankara zuwa Legas. Da layin dogo ya iso Kano, kayansa suka riƙa riga na sauran fatake isa kasuwa. A 1918 kamfanin Niger Company ya ɗauke shi dillalin sayen gyaɗa. Ya baza wakilai ƙauyuka, yana ba su jari bisa amana, har buhunan da ake tarawa suka zama dalar gyaɗa da aka san Kano da ita. A 1929, lokacin da Bank of British West Africa ya buɗe reshe a Kano, raƙuma ashirin ne suka kai masa kuɗin azurfarsa ajiya.

Amma bai manta da yadda rabon gado ya karya gidan mahaifinsa ba. Ya tattara harkokinsa a ƙarƙashin kamfanin Alhassan Dantata and Sons, kuma da ciwon ajali ya kama shi, ya yi wa ’ya’yansa wasiyya su riƙe shi tare, kada ya wargaje. Ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a gidansa da ke unguwar Sarari.

’Ya’yansa Ahmadu da Sanusi da Aminu sun ci gaba da riƙon harkar. Daga tsatson Sanusi ne Aliko Ɗangote ya fito. Allah Ya jiƙansa da rahama.