Lamido Zubairu: Sarkin Adamawa da ya ƙi miƙa wuya ga Turawa

Lamido Zubairu ɗa ne ga Modibbo Adama, wanda ya kafa daular Fombina da tutar Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo. Ya hau gadon sarauta a Yola a 1890, bayan 'yan'uwansa Lawal da Sanda. A lokacin ikon Yola ya kai har Garwa, Marwa, Ngaundare, Tibati da Banyo, sai dai wasu lamidon kudu sun yi ƙarfi har suna jan ƙafa wajen aika gaisuwar shekara.

Gwajinsa na farko daga cikin gida ya fito. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Bello, ya kafa sansani a Balda yana kira ga bin Mahadin Sudan. Zubairu ya kai masa yaƙi, amma ya sha kashi.

Ta kogin Binuwai kuwa, Turawa sun kunno kai. Kamfanin Royal Niger na Ingila na neman riƙe cinikin kogin shi kaɗai. Zubairu ya karɓi Bafaranshe Louis Mizon don ya rage wa kamfanin ƙarfi, har ya samu igwa biyu daga hannunsa. Hakan bai hana Ingila da Jamus raba ƙasarsa a yarjejeniyar 1893 ba: Yola ta Ingila, mafi yawan sauran ƙasar ta Jamus.

Tibati ta faɗi a 1899. A Satumban 1901 dakarun Kanar Morland suka ci Yola, suka naɗa ƙanensa Bobbo Ahmadu. Zubairu ya nufi gabas, ya tara mayaƙa, ya gwabza da Jamusawa a Garwa a watan Nuwamba, sannan a Marwa a Janairun 1902, inda bindigogi masu sarrafa kansu na rundunar Hans Dominik suka karkashe mahayansa. Cikin Fabrairun wannan shekara aka kashe Lamido Umaru na Banyo da hafsan Jamus Nolte a rana guda.

Zubairu ya ci gaba da kai-komo a duwatsu yana aika wasiƙu ga jama'a su yi hijira, har mutanen Lala suka kashe shi a 1903. Rabon ƙasar da ya yaƙa shi ne tushen iyakar da a yau ta bar Yola a Najeriya, Garwa da Banyo a Kamaru.