Labarin Hiroshige, Ɗan Kwana-kwanan da ya Gwanance ga Zanen Dusar Ƙanƙara

A wurare da yawa na ƙasar Japan, in hunturu ya kankama, ruwan sama ya kan daskare tun daga can bisa, ya riƙa saukowa fari fat, ba nauyi, kamar audugar rimi in iska ta kwaso ta. Kafin gari ya waye ya lulluɓe rufin ɗakuna da itatuwa da hanyoyi. Wannan ita a ke kira dusar ƙanƙara. Masu zane da yawa na ƙasar sun gwada sa ta a takarda, amma wanda sunansa ya fi tafiya tare da ita shi ne Utagawa Hiroshige, mutumin da ya soma neman abincinsa da aikin kashe gobara.

An haife shi cikin shekarar 1797 a birnin Edo, wanda yanzu a ke kira Tokiyo. Sunansa na yanka Tokutaro, na gidan Ando. A zamanin nan Sarkin Japan yana zaune a Kiyoto ne, ana girmama shi, amma mulki yana hannun Shogun, watau babban sarkin yaƙi, wanda fadarsa ke Edo. Birnin kuwa ya kai mutum wajen miliyan ɗaya, gidajensu na katako ne da takarda, saboda haka gobara ba ta daɗewa ba ta ziyarce su ba. Bayan wata babba da ta cinye yawancin birnin a 1657 aka kafa ƙungiyar 'yan kwana-kwana ta hukuma, aikin ya zama na gado. Uban Hiroshige yana cikinsu. A 1809 uwarsa ta rasu, shekara ba ta kewayo ba ubansa ya bi ta, yaro ɗan shekara 12 ya gaji sarautar gidansu.

Sarautar dai suna ce, albashinta bai taka kara ya karya ba, kuma in ba wuta ba aiki. Sai yaron ya nemi sana'a ta biyu. An ce ya fara zuwa wurin Toyokuni, wanda ya fi kowa suna a lokacin, ya tarar almajirai sun yi masa yawa, bai karɓe shi ba. Ya koma wurin Toyohiro wajen 1811, a 1812 malamin ya raɗa masa sunan sana'a, Hiroshige. Kusan shekara ashirin yana zana abin da kasuwa ke so, hotunan 'yan wasan kwaikwayo da jarumawa da kyawawan mata, ba wanda ya damu da shi ƙwarai. A 1823 ya miƙa sarautar ga wani yaro na gidansu mai suna Nakajiro, ya ci gaba da riƙe masa har 1832, sa'an nan ya sami kansa sarai.

Ya kamata mai karatu ya san yadda a ke yin irin waɗannan hotuna, gama in bai sani ba ba zai gane inda gwanintar ta ke ba. Aikin na mutum huɗu ne. Akwai attajiri mai kantin hotuna, shi ke zuba kuɗi ya zaɓi abin da za a zana. Mai zane ya zana da baƙin tawada a takarda marar kauri. Masassaƙi ya kife takardar a kan allon itacen ceri, ya bi layukan da wuƙa ya ƙwaƙule sauran, har ya zama layukan kaɗai suka tsaya. Kowane launi kuma da allonsa dabam, hoto guda ya kan ci allo goma ko fiye. Daga nan sai mai bugu: ya shafa launi da ɗan ƙullun shinkafa a allo, ya ɗora takarda mai ɗan damshi, wadda aka yi da ɓawon itace, ya goga bayanta da wani faifai da aka naɗe da ɓawon gora. Akwai tsaga biyu a gefen kowane allo inda takarda ke tsayawa, don kada launi ya kauce wa layinsa. Girman takardar kamar inci 15 ne da inci 10. Kuɗin hoto guda kuwa bai wuce na kwano ɗaya ko biyu na taliya ba, don haka har ɗan dako yana iya saye.

To, ina farin launi a cikin wannan? Galibi babu. Dusar ƙanƙarar da a ke gani a hotunan Hiroshige takarda ce tsura, wadda launi bai taɓa ba. Kowane ɗigon da ke saukowa daga sama ɗan rami ne da masassaƙi ya huda a allon sararin sama, inda launi ba ya isa. Aikin mai zane shi ne ya san yadda zai kewaye wofi da toka-toka da baƙi da shuɗi har ido ya ɗauka tudu ne mai laushi mai sanyi. Mai bugu kuma yana taimakonsa da wata dabara, ya jiƙa allo ya goga launi ta yadda zai yi duhu a gefe guda ya riƙa washewa har ya ɓace.

Wajen 1831 tsoho Hokusai, wanda ya girme shi da shekara 37, ya fitar da hotunansa na Dutsen Fuji, masu kanti suka ga ashe hoton ƙasa ma yana da kasuwa. Hiroshige ya bi da nasa na hanyar Tokaido, wadda ta haɗa Edo da Kiyoto, tsawonta wajen mil 300, tafiyar mako biyu a ƙasa, da zango 53. Ya yi wa kowane zango hoto, ya ƙara na mafari da na maƙura, suka zama 55. Kantin Hoeido ya buga su tsakanin 1833 da 1834. An daɗe ana cewa ya bi hanyar da kansa a 1832 cikin ayarin da ya kai wa Sarki dawakin gaisuwa daga Shogun, amma masana na yanzu suna tababa, domin sun tarar ya ari surar wurare da dama daga wani littafin matafiya da aka buga a 1797. Ko ya je ko bai je ba, hotunan sun karɓu, aka yi ta bugu har alluna suka cinye.

Mafi suna a cikinsu shi ne na Kambara, zango na 15, da dare. Ƙauye ne a gindin duwatsu, ɗakuna sun nutse cikin fari, ba fitila a taga ko ɗaya. Mutum uku kaɗai ke waje. Biyu sun sunkuya suna hawan gangare, da malfuna, ɗaya kuma ya ba su baya ya nufi ƙasa, da sanda da laima wadda bai buɗe duka ba. Launin tufafinsu shi ne kusan iyakar launin da ke cikin hoton, saura duk baƙi ne da toka da farar takarda. Mutum in ya dube shi sai ya ji kamar an toshe masa kunne. Abin dariya a nan, Kambara a bakin teku ta ke, wuri mai ɗumi, da wuya ta ga dusar ƙanƙara irin wannan. Daga kansa ya sauko da ita. A zango na 46, Kameyama, ya juya al'amarin: safiya ce, sama ta washe ta yi ja-ja, ayarin wani basarake yana ta fama da tudu zuwa ƙofar ganuwa.

Suna ya samu, dukiya ba ta zo ba, gama ladan zane kaɗai a ke ba shi, riba ta mai kanti ce. An ce matarsa ta fari har tufafinta da matajanta na ado ta taɓa sayarwa don ya sami guzurin tafiya zane. Ya yi aiki ba hutu. Ya ƙarasa zanguna 69 na hanyar Kiso, waɗanda Eisen ya soma, ya yi hotunan tsuntsaye da furanni da kifaye, ya maimaita Tokaido sau da yawa har wasu suka fita ba armashi. An ƙiyasta zane-zanensa sun kai wajen 8,000, ba kuwa za a ce duka nagari ne ba.

A 1855 girgizar ƙasa ta rushe Edo, dubbai suka halaka. A 1856 Hiroshige ya aske kansa bisa al'adar masu shiga zuhudu a addinin Buda, a shekarar kuma ya soma babban aikinsa na ƙarshe, hotunan shahararrun wurare na Edo, wanda aka ce ɗari za a yi amma ya kai 118. A ciki akwai na ɗakin ibada na Asakusa, ja wur cikin fari, ana hango shi ta ƙarƙashin wata ƙatuwar fitilar takarda. An fitar da shi ne a wata na bakwai, tsakiyar zafi, jim kaɗan bayan an gyara ƙololuwar hasumiyar da girgiza ta lanƙwasa, ja da fari kuwa su ne launin murna a ƙasar. Akwai kuma na Susaki, inda mikiya ta buɗe fukafukai ta cika saman takarda tana duban fadama fara da wani guga yana yawo a ruwa. A 1857 ya zana duwatsun Kiso a takarda uku haɗe, kusan duka fari, sai kogi shuɗi a tsakani. Ga ganina nan ya kai maƙurar sana'arsa.

Annobar amai da gudawa ta faɗa wa Edo a 1858, ya rasu a cikinta ran 12 ga Oktoba, yana da shekara 62 bisa lissafinsu. Aka binne shi a Togakuji. Abokinsa Kunisada ya zana hoton ta'aziyyarsa, yana zaune da rigar zuhudu. Almajirai biyu da suka auri 'yar riƙonsa, ɗaya bayan ɗaya, suka gaji sunan, saboda haka ba kowane hoto mai sa hannun Hiroshige ne nasa ba.

Shekara guda bayan rasuwarsa jiragen Turawa suka fara ciniki a Yokohama, hotunan suka bazu zuwa Faransa da Ingila da Amurka. Van Gogh ya kwaikwayi biyu daga cikin na Edo da fenti a 1887. Abin kuɗin taliya ya koma abin gwanjo na attajirai.

Wanda ke son saye sai ya san cewa hoto ɗaya yana da bugu iri iri. Na farko, wajen kofe 200, shi ne mai siraran layuka da launin da mai zane ya yarda da shi. A Kambara ta fari duhun sama yana can bisa, a ta baya an mai da shi ƙasa kusa da duwatsu. Akwai kuma waɗanda aka sake sassaƙa musu alluna bayan zamaninsa, kamar na gidan Adachi da aka kafa a 1928. Ba laifi gare su, suna da kyau da araha, in dai an faɗi gaskiyar abin da su ke. Masana su kan juya takarda su duba baya, domin bugun hannu yana barin sawun faifai da nason launi, na inji ba ya bari. Su kan duba ko an datse gefe, ko an manna wata takarda a baya don ɓoye hudar ƙwaro, su karanta hatimin mai kanti da na hukuma.

Kiyayewa kuwa ta fi wuya ga hoton hunturu bisa ga sauran, tun da ya ke in takarda ta yi ja dusar ƙanƙarar ta tafi ke nan, ba mai komo da ita. Hasken rana yana cin jan da a ke samu daga fure cikin 'yan watanni, damshi yana kawo ɗige-ɗige masu ruwan ƙasa da fumfuna, kwali marar kyau yana ƙona takarda sannu a hankali. Sai a kwantar da hoto a shimfiɗe cikin akwati, tsakanin takardu marasa tsami, a wuri busasshe. Ba a manna shi da danƙo, ba a wanke shi, in an sa a gilashi ba a barin gilashin ya taɓa shi, a sauke shi daga bango bayan wata biyu ko uku. A 1921 wasu 'yan'uwa biyu, su Spaulding, suka ba gidan ajiyar zane-zane na Bostan hotuna fiye da 6,000, da na Hiroshige masu yawa a ciki, bisa sharaɗin kada a taɓa rataya su a bango don 'yan kallo. Suna nan cikin akwatuna, mai son gani sai ya nemi izini a buɗe masa, ko ya dubi hotunansu ta intanet.