Connie Mack: Tsohon da Ya Gina Ƙungiya Sau Biyu, Ya Kuma Sayar da 'Yan Wasanta Sau Biyu

Duk wanda ke zama gidan kallon ƙwallo ya san yadda ake jinjina wa Alex Ferguson saboda shekara 26 da ya yi yana jan ragamar Manchester United, ko Arsene Wenger da ya yi 22 a Arsenal. To, 'yan'uwa ɗalibai, akwai wani Ba'amurke da ya yi shekara 50 cur yana horar da ƙungiya ɗaya. Babu wanda ya isa ya kore shi, don shi ne kocin, kuma shi ne mai ƙungiyar. Sunansa Connie Mack. Wasansa kuwa besbol ne, wanda Amurkawa ke ji da shi kamar yadda muke ji da ƙwallon ƙafa.

Ga wanda bai taɓa gani ba, mutum tara-tara ake yi. Wani ya jefo ƙwallo da ƙarfi, wani ya tare ta da sanda ya maka, sannan ya zuba a guje ya kewaya tashoshi huɗu. Idan ya dawo inda ya taso, an ci maki ɗaya. A zamanin Mack wasa 154 kowace ƙungiya ke bugawa a kaka guda. Kuma ku riƙe wannan: a besbol ba a faɗawa ƙaramin rukuni. Ko ka zo na ƙarshe sau goma, baɗi kana nan. Wannan tsari ne ya ba shi damar yin abin da ya yi.

An haife shi ranar 22 ga Disamba, 1862, a wani ƙaramin gari mai suna East Brookfield a jihar Massachusetts, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka. Sunansa na yanka Cornelius McGillicuddy, iyayensa baƙi ne daga Ayalan, Mack kuwa taƙaitawa ce da ta bi shi har kabari. Karatu bai yi nisa ba. Yana ɗan shekara 14 ya bar makaranta, ya shiga aikin ƙarfi don tallafa wa gida, har ya yi aiki a masana'antar takalma. Ƙwallo yake bugawa a gefe, a matsayin mai tsugunawa bayan mai duka yana cafke ƙwallon da aka jefo. Dogo ne siriri, ba gwanin duka ba, amma akwai wayo. Yakan dami mai duka da surutu har hankalinsa ya rabu, yakan kuma kwaikwayi ƙarar da sanda ke yi idan ta shafi ƙwallo don alƙali ya ruɗe. A 1886 ya shiga babban rukuni da ƙungiyar Washinton.

A 1890 'yan wasa suka yi wa masu ƙungiyoyi tawaye, suka kafa rukuninsu na kansu. Mack ya bi su zuwa Buffalo, ya zuba ɗan abin da ya tara a cikin ƙungiyar. Kaka ɗaya rukunin ya yi ya rushe, kuɗinsa suka bi ruwa. A ganina wannan asarar ba ta taɓa barin zuciyarsa ba, don duk sauran rayuwarsa idonsa na kan littafin lissafi. Daga nan ya yi Pittsburgh, inda ya fara koci daga 1894 zuwa 1896, sai Milwaukee na shekara huɗu.

A 1901 aka kafa sabon babban rukuni, American League, aka ba Mack ƙungiyar Athletics ta birnin Filadelfiya. Mai kuɗin shi ne Ben Shibe, mai sana'ar ƙera kayan wasa. Mack ya fara da kashi 25 cikin 100 na hannun jari, daga baya rabonsa ya kai rabi. A 1902 John McGraw, kocin Giants ta Niyok, ya yi wa ƙungiyar ba'a da cewa farar giwa ce, wato dukiyar da ciyar da ita ya fi amfaninta. Mack bai yi fushi ba. Ya ɗauki farar giwar ya mai da ita tambarin ƙungiya, kuma a shekarar suka zo na ɗaya a rukuninsu.

Mutumin daban yake da sauran kociyoyin zamaninsa. Ba ya sa rigar wasa. Kwat da wando yake sawa da malafa, ya zauna a benci riƙe da takardar rubuta maki, da ita yake yi wa 'yan wasa nuni su matsa hagu ko dama. Ba a san shi da ashar ko giya ba, a lokacin da ake kallon 'yan besbol a matsayin 'yan tasha. 'Yan wasansa Mista Mack suke ce masa. Ga kuma wani abu da ya kamata ya burge mu: shi da bai gama sakandare ba, ya fi son ɗaukar 'yan wasan da suka yi kwaleji, don a ganinsa sun fi saurin ɗaukar darasi. Eddie Collins daga Jami'ar Columbia ya fito, Jack Barry daga Holy Cross.

Da waɗannan yaran ya gina ƙungiyarsa ta farko. A 1909 suka buɗe filin Shibe Park, na farko a manyan rukunai da aka gina da ƙarfe da kankare. Suka ci kofin World Series a 1910, da 1911, da 1913. Mutum huɗu da ke tsaron tashoshi, wato Collins da Barry da Stuffy McInnis da Frank Baker, 'yan jarida suka yi musu kuɗi dala 100,000, wanda a lokacin kuɗi ne na fitar hankali.

Sai 1914 ta zo. Sun sake zuwa na ɗaya a rukuni, amma 'yan kallo sun ragu ƙwarai, kamar mutanen gari sun gaji da ganin nasara. A wasan ƙarshe Boston Braves, wadda ba wanda ya ba ta dama, ta lallasa su sau huɗu a jere. Ga kuma wani sabon rukuni, Federal League, yana zawarcin 'yan wasa da albashi mai tsoka. Mack ya duba aljihunsa ya ga ba zai iya wannan tsere ba. Ya sayar da Collins ga White Sox ta Shikago a kan dala 50,000. Manyan masu jifansa, Eddie Plank da Chief Bender, waɗanda shekaru sun fara ja, ya sake su suka tafi sabon rukunin. Baker ya zauna gida kaka guda saboda rigimar albashi, daga baya aka sayar da shi ga Yankees.

Abin da ya biyo baya ba daɗin ji. A 1915 sun ci wasa 43, an cinye su 109. A 1916 sun ci 36, an cinye su 117. Shekara bakwai a jere, daga 1915 zuwa 1921, su ne na ƙarshe. Da wani ne ya ɗauke shi aiki, da tuni an ba shi takardar sallama. Amma wa zai kori mai gida? Ya yi ta gwada yara, ɗaruruwansu, daga kwalejoji da ƙananan ƙungiyoyi, yana tacewa.

A hankali gini na biyu ya tashi. Al Simmons ya zo a 1924. A 1925 sai ga Mickey Cochrane, da Jimmie Foxx ɗan shekara 17, da Lefty Grove wanda ya sayo daga Baltimore a kan dala 100,600. Mutumin da ake yi wa kallon marowaci ke nan fa. Sai ya haɗa yaran da tsofaffin hannu: a 1927 ya kawo Ty Cobb yana da shekara 40, ya dawo da Collins shi ma yana da 40, a 1928 ya ƙara da Tris Speaker. Tsofaffin ba su ci masa kofi ba, ƙafafu sun riga sun yi nauyi, Yankees ta Babe Ruth kuma tana kan ganiyarta. Amma sun ja 'yan kallo, yaran kuma sun koya a wurinsu.

A 1929 aka ga amfanin haƙuri. Sun ci wasa 104, suka bar Yankees a baya da tazarar wasa 18. A World Series da Cubs ta Shikago ne Mack ya yi dabarar da har yau ake ba da labarinta. Yana da Grove, gwanin gwanaye, amma a wasan farko sai ya fito da Howard Ehmke, ɗan shekara 35 da hannunsa ya gaji, wanda bai buga wani abin kirki ba duk kakar. Ashe tun makonni kafin nan ya bar shi a baya ya je yana kallon wasannin Cubs yana nazarin masu dukansu. Ehmke ya fitar da mutum 13 ba tare da sun iya maka ƙwallo ba, abin da ba a taɓa yi ba a gasar, suka ci wasan. A wasa na huɗu kuma ana cin su 8 da nema, suka zuba maki 10 a zagaye guda. Suka ɗauki kofin, suka maimaita a 1930. A 1931 sun ci wasa 107, amma Cardinals ta ƙwace kofin a wasa na bakwai.

Kafin nan tattalin arzikin Amurka ya karye. Mutanen da ke layin karɓar abinci ba su da kuɗin tikiti. 'Yan kallon da suka haura 800,000 a 1929 sun koma ƙasa da 300,000 a 1933. Ga dokar jihar Pennsylvania ta hana wasa ranar Lahadi, ranar da ma'aikata ke hutu, sai a 1934 aka sassauta. Sauran masu ƙungiyoyi suna da wasu sana'o'in da ke rufa musu asiri, mai Yankees ma kamfanin giya gare shi. Mack ba shi da komai sai ƙwallo, kuma sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ya sake buɗe kasuwa. A 1932 Simmons da wasu biyu suka tafi White Sox a kan dala 100,000. A ƙarshen 1933 Cochrane ya tafi Detroit, Grove ya tafi Red Sox ta Boston. A 1935 Foxx ya bi shi. A wannan shekarar ce kuma ƙungiyar ta ɗaga katangar filin don hana maƙwabta kallo daga saman rufin gidajensu, abin da unguwar ba ta yafe ba.

A nan ne ra'ayi ya rabu a kansa. Masu kare shi suna cewa ba shi da zaɓi. Masu suka suna tuna wata magana da ake danganta masa, cewa ƙungiyar da ta fara kaka da zafi ta ƙare ta huɗu ta fi riba, don 'yan kallo za su zo, 'yan wasa kuma ba su da bakin neman ƙarin albashi. Ni dai ina ganin rushewar farko lissafi ce, ta biyu dole ce. Laifinsa na gaske yana gaba.

Gini na uku bai taɓa tashi ba. Duniyar besbol ta canja: Branch Rickey na Cardinals ya fito da tsarin mallakar ƙananan ƙungiyoyi inda ake renon yara, kowa ya bi, Mack kuwa bai zuba kuɗi a wannan ba yadda ya kamata. Bayan rasuwar ɗaya daga 'ya'yan Shibe biyu da murabus ɗin ɗayan ya zama shugaban ƙungiyar a 1937, shekarar da aka sa shi cikin zauren gwarzayen besbol, yana da shekara 74. Ya ci gaba da zama a benci har ya haura 80. Tsufa ya fara nuna kansa. Yakan yi gyangyaɗi ana tsakiyar wasa, yakan kira sunan ɗan wasan da ya bar ƙungiyar shekaru da yawa ya ce ya shiga fili. Mataimakansa suka koma gyara umarninsa a ɓoye, don ba mai iya duban idonsa ya ce ya huta. A 1946 ya ba da George Kell, a 1949 aka ba da Nellie Fox, dukansu suka zama gwarzaye a wasu wuraren. Jackie Robinson ya buɗe wa baƙaƙen fata ƙofa a 1947, amma Athletics ba ta sa baƙar fata a fili ba sai 1953, bayan Mack ya bar benci. Wannan tabo ne a tarihinsa.

Sai rigimar gida, wadda ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya san zaman 'yan uba. Matarsa ta farko ta rasu a 1892 ta bar masa 'ya'ya uku, cikinsu akwai Roy da Earle. Ya sake aure a 1910, aka haifi Connie ƙarami da 'yan'uwansa mata. Da ya raba wa 'ya'yansa maza hannun jari, sai gida ya dare biyu: Roy da Earle a gefe guda, ƙaninsu da magadan Shibe a ɗaya gefen. Ƙaramin yana son a zuba kuɗi a sabunta komai, yayyen suna son a ci gaba yadda aka saba. A 1950 yayyen suka saye rabon ɗaya ɓangaren, amma da bashin dala miliyan 1.75 daga wani kamfanin inshora, suka jinginar da filin wasan. Ƙungiyar da ba ta iya sayen 'yan wasa ta koma biyan bashi.

A wannan shekarar aka yi bikin cikarsa shekara 50 a kan aiki, ƙungiyar ta ci wasa 52 aka cinye ta 102. Abin takaici, Phillies, 'yan hayar da ke biyan su kuɗin fili tun 1938, su ne suka zo na ɗaya a nasu rukunin da matasan 'yan wasa, gari ya koma bayansu. A watan Oktoba Mack ya sauka yana da shekara 87. Ya ci wasa 3,731, an cinye shi 3,948. Har yau ba kocin da ya kai shi a ko wanne daga cikin biyun. Sau tara ya zo na ɗaya, sau 17 ya zo na ƙarshe.

Roy da Earle ma ba su daɗe ba suka ɓata da juna. A 1953 aka sauya wa filin suna zuwa Connie Mack Stadium, amma suna ba ya cika kujeru. A 1954 'yan kallo kusan 305,000 kawai suka zo duk kakar. Wasu attajiran Filadelfiya sun yunƙura su saya don ƙungiyar ta zauna a gida, masu ƙungiyoyin rukunin ba su amince ba. A watan Nuwamba aka sayar wa Arnold Johnson, ɗan kasuwa daga Shikago, tsohon ya sa hannu yana kwance ba lafiya a gidansa. A 1955 ƙungiyar ta koma birnin Kansas, a 1968 ta wuce Oakland, bayan kakar 2024 kuma ta bar can ma da niyyar komawa Las Vegas.

Mack ya rasu ranar 8 ga Fabrairu, 1956, a Filadelfiya, yana da shekara 93, wata goma sha biyar bayan cinikin. Filin da ke ɗauke da sunansa an rushe shi a 1976, yanzu coci ne a wurin. Jikansa, Connie Mack na uku, ya yi sanata mai wakiltar jihar Florida daga 1989 zuwa 2001.