J. F. Schön (1803–1889): Manazarcin Hausa da Bai Taɓa Ganin Kano Ba

An haifi Jakob Friedrich Schön a shekarar 1803 a Oberweiler, wani ɗan ƙaramin gari kusa da Badenweiler a kudu maso yammacin Jamus. Yanki ne na tuddai da gonakin inabi, inda manoma ke matse 'ya'yan inabin su yi giya. Shi kuwa bai bi wannan sana'a ba. Ya yi karatun mishan a Basel da Landan, sannan a 1832 ƙungiyar CMS ta tura shi Saliyo.

A can ya fara jin Hausa daga bakin bayin da aka ƙwato daga jiragen fataucin bayi. A 1841 ya bi ayarin da Ingila ta aika Kogin Kwara, tare da Samuel Ajayi Crowther. Zazzaɓi ya hallaka Turawa da dama a tafiyar, amma shi ya tsira, har ya buga jerin kalmomin Hausa a 1843. Daga baya rashin lafiya ya mayar da shi Ingila, ya zauna a Chatham.

Aikinsa ya samu gindin zama ne bayan 1855, lokacin da Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya koma Turai da wasu samari biyu, Dorugu da Abbega. Dorugu Bahaushe ne daga ƙasar Damagaram. Ya zauna a wurin Schön yana ba shi tatsuniyoyi da labarin rayuwarsa, shi kuma yana rubutawa. Wannan zama ya yi tasiri ainun a kan littafinsa na nahawu (1862), da ƙamus (1876), da Magana Hausa (1885). Lalle manufarsa ta asali fassara littattafan addinin Kirista ce, amma bayanin harshen ne ya wanzu.

Ya kamata ɗalibi ya karanta shi da lura. Schön bai bambanta ɓ, ɗ, ƙ da b, d, k ba, bai kuma nuna karin sauti ba. A irin rubutunsa, kafa da ƙafa abu ɗaya ne. Wannan ba ƙaramar illa ba ce, sai dai a tuna cewa bai taɓa zama a Kasuwar Kurmi ya saurari Kanawa suna ciniki ba.

Ya rasu a Chatham a 1889. Dorugu kuwa ya ƙare rayuwarsa a Kano, inda ya yi aiki a makarantar Ɗan Hausa da ke Nassarawa, wajen ganuwa, ya kuma rasu a 1912.